Jeren duwatsun da na ɗauka na tare ruwa ne

Ana sallame sallar asuba muka bar Madawa, mu uku a motar ƙungiya: ni, da abokiyar aikina mai riƙe da na'urar awo, da direba. Ƙungiyarmu ta masu awon ƙasa ce da zanen gari, ba ta neman riba ba. In gari ya cika ya fara tumbatsa, mukan je mu taya hukumarsa yanka filaye, don kada a wayi gari an gina gida a bakin ƙorama ko an toshe burtali. Wannan karon wani gari ne tsakanin Buza da Keita, kuma ni na zana taswirarsa. Wata biyu na yi a kanta, har magajin gari ya sa hannu. Saura kawai mu kafa borni, turakun simintin nan na iyaka, a fara rabo.

Tun daga fitarmu muka sha warin albasa, don wata babbar mota ce a gabanmu, an labta mata buhuna, ta ƙi ba mu hanya. Direbanmu ya ce ko ba a yi kalaci ba ai an sha miya. A Buza muka tsaya, na sayi kwaɗon zogale na dala ashirin. Mai tallar ta dube ni ta ce ma'aikaci guda da wannan rowa? Kunya ta sa na ƙara na dala goma.

Daga nan ƙasa ta sake. Tsauni, fako, jan dutse ko'ina, hanya kuwa wani wuri lafiya, wani wuri sai haƙuri. Duk gangaren da ka duba akwai jeren duwatsun da mutanen Adar suka ɗora da hannu don su tare ruwan sama, ga itatuwa sun tsiro a bayansu. Na san wannan aikin kamar tafin hannuna, na sha ganinsa a hoton tauraron ɗan'adam. Da irin hoton na yi zanena.

Hantsi ya dubi ludayi muka isa. Maigari ya sa aka kawo fura, muka sha, muka fita gabas da gari. A taswirata akwai titi miƙaƙƙe daga kasuwa zuwa sabon asibiti, abin da na fi alfahari da shi ke nan. Ya ratsa wani tudu mai gajerun jeren duwatsu, inda na rubuta "tsohon aikin tare ruwa". Nan aka fara haƙa ramin borni na farko.

Sai ga wata tsohuwa tana janye da akuya. Ta tsaya, ta dubi ramin, ta dube ni.

"Ɗana, mi kuke gina nan?"

Na ce, "Hanya za a fitar, Inna, ta zuwa asibiti."

"Bisa ɗiyana?"

Ban gane ba sai da ta nuna da sanda. Shekarar da baƙon dauro ya shigo garin, tun tana da ƙuruciya, yaran da suka rasu sun yi yawa har aka ware musu wannan tudu. Nata uku ne, cikin sati biyu. Ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana taɓa duwatsun.

Innalillahi! Abokiyar aikina ta matso ta ce mini a hankali, "Dubi yadda suke kwance." Na duba. Jeren tare ruwa yana bin gangare ne, yana lanƙwasa. Waɗannan kuwa duk kudu da arewa suke, gajeru, ba wanda ya kai tsawon sandar tsohuwar. Da sau ɗaya na tako wurin da ƙafata, da na gani.

Na tambayi maigari me ya sa ba wanda ya yi magana ranar da na baje taswirar a taro. Ya ce shi lokacin baƙon dauron yana goye, sauran mazan kuma rabin rayuwarsu a ci-rani suka yi ta. Ya ƙara da cewa, "Kuma kai takarda ka gwada muna, ba ka gwada muna wurin ba." Ba a kira mata taron ba, ni ma ban tambaya ba.

Na sa aka mayar da ƙasar ramin. Na ce wa tsohuwar ta yafe mini, hanya za ta kewaye, kuma in tana son fili kusa da nan zan yi mata magana.

"Ni mi za ni yi da hili? Tunda awo ka iya, auna min tsawona nan, gehen ƙaramar. Kar a ba kowa."

Ta miƙe tsaye sosai don kada in rage mata. Na ja igiyar awo, na auna, muka jera duwatsu huɗu.

Da la'asar na je na faɗa wa magajin gari cewa taswirar da ya sa wa hannu ba daidai ba ce, kuma laifina ne. Ransa bai yi daɗi ba, filaye da dama za su tashi, rabo zai koma bayan damina. Amma bai musa ba. Muka biyo ta Buza. Da magariba muka shiga Madawa.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Na roƙi ƙungiyarmu kada mu sake jan layi a kan wurin da ba mu taka ba, kuma duk garin da muka je a zauna da tsofaffin mata tukuna. Yanzu ina sake zanen. Titina ya karkace, ba shi da kyan gani ko kaɗan. A kan tudun na rubuta "maƙabartar yara", gefensa kuma na bar ɗan wuri na mutum ɗaya. Har yau ban san abin da zan rubuta a kansa ba, don mai shi tana nan da ranta.