Ramuwar Gayya a Kan Soron Kaka

A bakin lungun gidan kakarmu, can bayan Ƙofar Kuyambana, mai keke ya taka birki ya ce iyakarsa ke nan, lungun ba ya shiguwa. Ni jakar laftof ɗina na rataya na dire. Abokina kuwa, da ya dage sai ya taho da kwamfutarsa ta tebur tun daga Kaduna, ya rungumi akwatinta kamar jariri, allo a hammata, wayoyi na jan ƙasa.

Da asuba muka taso. Titi ba laifi, kuɗin mota ne ya hau, amma ƙosan da muka ci a Tudun Wada ya huce mana haushi. Abin da ya kawo mu Zariya ɗan kawuna ne. Bara ya lallasa ni a wasan ƙwallo na kwamfuta, tun daga nan duk taron dangi "ɗan kallo" yake kirana. Ramuwa na zo yi. Abokina ya ce laftof ba kayan gasa ba ne, da tasa za a kara.

A zaure muka haɗa ta, don nan ne soket mai kyau. Gaskiya na sara mata: hoto tar, ba zafi, ba ƙara. Ni da ɗan kawu muna ɗaya da ɗaya sai sallama. Dattawan unguwa ne suka zo gaida kaka. Wanda ya san birni ya san zaure na manya ne. Kawu ya leƙo ya ce, "Ku kwashe tarkacen nan, ku ba su Malam wuri."

Aka zare waya, wasa ya tafi. Gaisuwar Zazzagawa ba ta da gaggawa, mu kuma bayan la'asar za mu juya. Ɗan kawu ya miƙe yana murmushi. "To ɗan kallo, sai baɗi kuma."

Na ce, "Yaya, mu hau soro."

A kan soron na buɗe laftof bisa wani kwando, rabin birni a ƙasanmu. Fankarsa ta riƙa kuka kamar injin markaɗe, ya ɗau zafi, dole na rage kyan hoton don batir ya kai mu. Yaya ya ci, na farke. Batir ya yi ja, sai na zura ta biyu, aka tashi. Yaya ya ce rana ce ta haske masa ido. Kaka da ta ji labari ta aiko min da fura, ta ce a daina kiran jikanta da sunan banza.

A hanyar komawa abokina na rungume da akwati a cinya har Kaduna. Na yarda ta tebur ta fi ƙarfi, amma sai an ba ta wuri da wuta. Laftof duk inda aka kore ka, yana bayanka.

Ku da kuke zuwa gida da kayan wasa, wacce za ku ɗauka, mai ƙarfin ko mai bin ku soro?