Dabinon da Ban Gani Ba daga Kan Dala

Na hau tsaunuka da dama don in leƙi birane daga sama. Na hau na bayan Alƙahira, mai rakiya yana lissafa mini hasumiyoyi da Larabci. Na hau na Istanbul, na ga jirage suna ratsa ruwa tsakanin nahiyoyi biyu. Ko'ina mutane dariya suke yi, suna ɗaukar hoto. Ni kuwa da na kai ƙololuwa sai in kasa murna, domin hawana na farko Dutsen Dala ne, kuma aikena aka yi.

Wadda ta aike ni ita ce Iya, kakata ta wajen uba. A gindin Dala aka haife ta, aure ya kawo ta Wudil. Lokacin da na yi wayo idanunta sun yi yana, gwiwoyinta sun ƙi, ta yi shekaru ba ta shiga birni ba. Shekarun kuɗin man fetur ne. Kowa gini yake yi, ƙanen mahaifina, Baffa Sani, autan Iya, ya sayi tifa yana ɗibar yashi daga kogin Wudil zuwa Kano, sawu biyu ko uku a rana.

Da an sauke tuwo an yi sallah, sai mu kewaye murhun Iya. Takan tura gyaɗa cikin toka mai zafi, ta ce da ni, "Matso nan, mijin banza, ko cefane ba ka yi, sai ci." In ce, "Ai na sake ki, tsohuwa." Ta ce, "Wa zai kwashe ka?" Sai ta gyara zama ta ce ga tatsuniya nan tafe, mu kuma mu ce mun ba ta hanya.

Akwai wadda ta fi yawan yi mana. Wani maɗinki ne da bai taɓa ɗaga kai daga allura ba, har ya ji sha'awar ganin garinsu gaba ɗaya. Ya je gindin dutse ya yi sallama. Dutse ya ce, "Hau ka gani, amma da ido kawai. Abin da ka nuna da yatsa, ka rasa shi." Maɗinki ya hau. Ya ga kasuwa, ya ga masallaci, ya ga ganuwa ta naɗe gari kamar rawani, duk ya daure. Can sai ya hango hayaƙin gidansu, matarsa tana girki, murna ta kama shi, ya miƙa hannu ya ce, "Ga gidana!" Da ya sauko ya bi lungu har ƙarshe, bai tarar da komai ba sai fili da tumfafiya. Ya yi ta tambaya, kowa ya ce nan ba a taɓa yin gida ba.

Mu yara abin da muka ɗauka shi ne kada a yi nuni, kamar yadda ake hana mu nuna ƙaramar kabewa don kada ta faɗi.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya Baffa Sani ya ce zai tafi da ni Kano, kuma zai hau da ni Dala. Da Iya ta ji, ta kamo hannuna. Ranar ba tsokana.

"In ka hau, ka juya wa rana baya, da hantsi ne. Za ka ga kududdufi. A bakinsa akwai gida mai dabino guda ɗaya, dogo. Mahaifina ya shuka shi ranar sunana. Ka duba mini ko yana nan."

Na ce, "In yana nan fa?"

Ta ce, "In yana nan, ina da inda zan ce daga nan nake."

Muka sauke yashi a wani gini, muka bar tifar, muka hau da ƙafa. Ina haki muka kai sama. Baffa ya yi ta nuna mini abubuwa: ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga kasuwar Kurmi, ga jirgin sama yana sauka. Ganuwa kuwa duk ta yi giɓi, an haƙe ta ana yin tubali. Ni dai na juya wa rana baya ina dubawa. Rufin kwano ne kawai yana ƙyalli har ya sa ni hawaye. Babu kududdufi, babu dabino.

Na ce, "Baffa, ina gidan su Iya?"

Ya cire hula ya share gumi. Sannan ya gaya mini jikokin yayanta sun cike kududdufin, sun sare dabinon, sun yi shaguna na siminti. Ya ce, "Yashin ma ni na kawo musu. In mun koma ka ce ka gani. Tsohuwa ce, me za ta yi da gaskiya?" Bai nuna mini wurin ba, ni ma ban ce ya nuna ba, don ina jin haushinsa.

Da yamma Iya ba ta jira aka gama tuwo ba.

"Maigida, ka gani?"

"Na gani, Iya. Dogo, har da 'ya'ya."

"Ina ya karkata?"

Ban san dabino yana karkata ba. Na ce, "A miƙe yake, sak."

Ta daɗe tana juya toka da tsinke. Sannan ta ce, "To, madalla. Allah ya yi maka albarka." Ta tono gyaɗa ta zuba mini a tafin hannu, fiye da ta kowa. Daga baya wata gwaggona ta gaya mini cewa tun Iya tana yarinya dabinon a sunkuye yake kan ruwa, har yara suna hawa su faɗa kududdufin. Ta san na yi ƙarya. Ta rufa mini asiri ne, kamar yadda na zaci ni nake rufa mata.

Ba ta ƙara ambaton birni ba har ta rasu, damina biyu bayan nan. Baffa Sani ya bi ta ba da daɗewa ba, a hatsarin hanya.

Na daɗe ina ganin maɗinkin nan wawa ne. Yanzu da na tsufa ina jin ƙyashinsa, domin shi ya ga gidansu kafin ya rasa shi, kuma ya san filin da zai tsaya ya yi kuka. Ni da na ce na gani, sai na toshe wa kaina hanyar tambaya. Ban tambayi Iya sunan lungun ba, ko sunan maƙwabta, ko ta wace ƙofa ake shiga, don wanda ya ce ya ga wuri ba ya neman kwatance. Na iya tambayar hanya da harsuna biyar. Bara na shiga unguwannin gindin Dala da sandata, na tsaya gaban jerin shaguna, wani mai sayar da waya ya ce, "Baba, gidan wa kake nema?" Na buɗe baki, na rasa abin da zan ce masa.