Furar Atika a Filin Kokawa

Duk wanda ya san filin kokawar Madarunfa kafin shekarar 1995 ya san Atika mai fura. Geronta na gonar mijinta ne, nono kuwa da kanta take tarar Fulani ta zaɓo. Da kaka ta yi aka fara kiɗan kokawa, za ka gan ta a gindin itacen bedi tana dama wa 'yan kallo da 'yan kokawa fura mai kauri, wadda ke riƙe ciki har magariba. Ba ta da wata dukiya sai sunanta na mai tsabta da amana.

Sai ga Hamisu, wani ɗan kasuwa daga Ɗan Issa, ya kafa rumfa da lemon kwalba da biskit ɗin da ya gama shan rana a kan iyaka. Bai taɓa kushe furar Atika ba, wayonsa ya fi haka. Kwalba kawai yake ɗagawa ya ce, “Wagga a ruhe take. Wa ka iya sa maka wani abu ciki?” Ɗan kokawa kuwa ba abin da yake tsoro kamar sammu a abinci.

Ranar da Illo, gwarzon garin Safo, ya sha furarta ya shiga fili, wani ɗan kokawa daga garin Sarkin Yamma ya maka shi da ƙasa. Kowa ya ga ƙafarsa ce ta zame. Amma mutanen Safo suka kasa haɗiye kayen, suka ce an ba Atika magani ta zuba. Masu shirya kokawar, don tsabar rashin kunya, ba su ko kira ta ba suka yanke cewa abin da ke a rufe kaɗai za a sayar a filin.

Atika ta tare shugabansu. “Kai Yahaya, tun kana yaro kake shan hurata! Yau ni ce mai sammu?” Ya sunkuyar da kai ya wuce.

Abin takaici, ƙarti suka koma shan ruwan sukari da yunwa, su shiga fili suna haki kamar jakin da ya ja amalanke.

Ita kuma maganar ta biyo ta har gida. Ranar sunan jikarta ta dama fura cike da babbar ƙwarya. Maƙwabtan da ta shayar shekara da shekaru suka yi ta cewa, “Alhamdu lillahi, Inna, mun ƙoshi.”