Garmar Baba Yohanna Ta Yi Shiru

Ina tsince wake a ƙofar ɗaki Rahila ta shigo ba sallama, ta durƙusa, ta ce babanta, Baba Yohanna, ya cika a asibiti a Kano. Ita ce ke rubuta wannan, ni ban san boko ba. Na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara.

Baba Yohanna shi ne mai bisharar ƙauyenmu, nan kusa da Makoda. Ba mu da ƙararrawa. Tsohuwar garma ya rataye a darbejiyar gaban coci, duk Lahadi ya buga ta da guntun ƙarfe mu fito sujada.

Da shekarun fari suka zo, gero ya ƙi, samarinmu suka tafi cirani ba su dawo ba. Wasu kuma tsoro ne ya kore su. Ni ina kuka, shi yana murna. Ranar da aka ce Ayuba ɗan ƙanena yana tara mutane yana musu wa'azi can kudu, Baba ya yi ta tafi kamar an yi masa haihuwa. Ya ce, "Tabawa, ba watsewa muka yi ba, shuka mu aka yi."

Na ce masa ni ba iri ba ce, tsohuwa ce, wa zai binne ni? Ya ce shi zai tsaya a kan kabarina ya karanta mini Zabura. Da wannan maganar nake samun barci.

Ƙarshe saura mu uku, shi da matarsa Inna Saratu da ni. Bai rage ƙarfin bugun ba. Maƙwabcinsa Malam Sani kan tsokane shi, wai mata biyu yake kira da wannan uban ƙara. Sai Baba ya ce na nesa ma suna ji. Malam Sanin nan da 'ya'yansa ne suka haƙa kabarin Baba, Allah ya saka musu.

Yanzu Rahila za ta tafi da uwarta birni. Lahadin nan na je na ɗauki ƙarfen. Na buga sau ɗaya, ƙarar ta ba ni tsoro, na koma gida na rufe ƙofa.

Ubangiji Yesu ya ji ƙan bawansa, ya ba shi hutu. Ya ta'azantar da Inna Saratu da 'ya'ya da jikoki. Ku kuma da aka shuka a nesa, don Allah in kun ji na tafi, ɗayanku ya zo da Littafi ya cika mini alkawarin Baba.