Kwale-kwalen Baba Tanko a Kwarin Uhudu

'Yan'uwa na Yawuri, ga labarin yadda na je tuƙin kwale-kwale a ƙasar da kwaɗo ma taimama yake yi.

Unguwar Harra ta Gabas, Madina

Ko kiran asalatu ba a yi ba Baba Tanko ya kusa ɓalle mini ƙofa. Manyanku sun san shi: Basarken nan, masunci, da ya tako daga Yawuri zuwa Madina a ƙasa, yana dogara filafilinsa, tun ina goye. Daga ranar bai ƙara tsoma shi a ruwa mai gudu ba. Bara waccan da likita ya ce idanunsa na tafiya, sai ya sa aka sayo masa ɗan kwale-kwale wajen masuntan Yanbu, aka ɗora bisa soro, tantabaru suka yi jikoki a ciki. Burinsa guda: ya yi tuƙi sau ɗaya kafin ganin ya ƙare.

Ya ce an yi ruwa a duwatsun gabas, sailu ya sauko. Sailu shi ne ambaliyar da kan cika busasshen kwari a nan, wani lokaci sai an shekara biyu ana jiransa. Muka yi sallah, ni da ɗansa Usman muka sauko da jirgin da igiya. Na ɗauki kaya a duniya, amma wannan giwa ce da ta ƙoshi. Muka ɗaure shi a bayan akori-kurar Usman, Baba a gaba rungume da filafili, ni a baya cikin kashin tantabaru.

Hanyar Uhudu

Kafin rana ta fito muka iso shingen 'yan sanda. Ɗan sandan ya duba iƙamata, takardar izinin zama, ya zagaya motar, ya ƙara zagayawa, sannan ya gaya mana cikin tausayi cewa teku tana yamma, mu kuwa mun sa gaba arewa. Usman, haifaffen nan ne, Hausa yake ji amma da Larabci yake amsawa, ya yi masa bayani. Mutumin ya kira abokin aikinsa don shi ma ya samu abin ba iyalinsa labari.

A Uhudu muka tsaya na sayi gurasar tamis da wake ful, riyal uku. Baba ya hana ni ci a zaune, wai ruwa ba ya jira. Ku riƙe maganar nan.

Bakin kwari

Muka bi kwarin da ke ratsa gindin dutsen, muka yi gabas tafiyar kamar rabin sa'a. Tun kafin mu gan shi muka ji rurinsa. Jama'a, ruwa ne na gaske: ja wur, yana dukan duwatsu yana farin kumfa, yana jan itacen dabino kamar tsinken sakace. Mutanen Madina sun shimfiɗa dardumai a kan tudu suna kallo. Baba ya shaƙi iskar ya ce tun da madatsa ta haɗiye duwatsun Busa bai ji an yi irinsa ba.

Na fara kwance igiya, ya ce in dakata. Ya yanko sanda, ya tsaga ta a daidai inda ruwa ya tsaya, ya kafa a gaɓa. Haka Sarkawa ke yi wa kogin da ba su sani ba: ka kafa, ka koma gefe, ka ga ko cika yake ko janyewa, ka karanci inda duwatsu suka ɓuya. A kogin Kwara akan kwana ana wannan. Ya ce saboda gaggawarmu ta 'yan zamani zai rage, a jira azahar.

Usman ya ce, "Abuya, haza ba nahar ba ne, sailu ne. Yamshi." Wato wannan ba kogi ba ne, tafiya yake.

"Ubana bai shiga baƙon ruwa ba sallama ba, ni ma ba zan fara ba. Mamman, ɗora shayi."

Na ɗora. Kofi na farko, ruwa ya bar tsagar da taƙi guda. Baba ya ce alama ce mai kyau, fushinsa na sauka. Kofi na biyu, sandar na tsaye a taɓo. Na roƙa, na yi magiya, na haɗa shi da furfurarsa; ya ce ni jinin Kabi ne ta wajen uwa, shi ya sa ba ni da haƙuri. Da muka sallame azahar, sandar na can kan busasshiyar ƙasa har wata akuya na sosa wuya da ita, masu dardumai sun naɗe sun tafi.

Baba ya taka har bakin abin da ya rage, ɗan siririn ruwa iya gwiwa tsakanin duwatsu. Ya tsuguna ya taɓa da hannu, don idon bai nuna masa ba. Ni da na zo da baki cike da mita, sai na haɗiye ta.

Na ce, "Baba, shiga."

Muka sa shi a ciki. Usman ya ja igiya a gaba, ni na naɗe wando na turo daga baya. Inda ruwan ya gaza, ni ne igiyar ruwa. Inda jirgin ya daki dutse, ƙaurina ne dutsen. Filafilin ya shiga ruwa, ya fito yana ɗiga. Baba ya miƙe wuya yana ba da umarni, dama, hagu, har yana yi mini faɗa wai wannan kogi ba shi da ƙarfi. Muka yi ta yi har ruwan ya ƙare a cikin yashi, bayana ma ya ƙare tare da shi.

Gida

Mun iso Harra bayan magariba. Na rantse jirgin ba zai koma soro a wuyana ba, yana zaure yanzu. Baba ya hana kowa goge jan taɓon da ke jikin filafilin. Jiya na ji yana gaya wa baƙi cewa ruwan ya so ya kife shi sau biyu. Gaskiya ya faɗa, santsi ne ya kwashe ni.

Godiya ga Allah da Ya dawo da mu lafiya, da Usman da ya ja, da mai ɗorin unguwar Al-Azizya da ke gyara mini baya har yau.