Ranar da sa na ya amsa sunan wani

Shekarun baya, lokacin da nake kiwon turke a bayan gidanmu kusa da Jabo, wani kamfanin nama ya fara zuwa sayen shanu a yankinmu. Sharaɗinsu ɗaya ne: duk san da za su saya sai an liƙa masa wata 'yar roba ruwan ɗorawa a kunne tun watanni kafin ciniki. Mu muna ce mata ɗan kunne. A cikinta akwai wani abu ƙarami da ido ba ya gani, idan aka kara masa wata sanda sai ta yi ƙara, wayar ma'aikacin kamfanin ta nuna hoton san, da sunan mai shi, da allurar da aka yi masa.

Shanu uku ne a wurina. Biyu nawa, farare, gudali. Na ukun ja ne mai dogayen ƙaho, na wani abokina Bafillace da ke kiwo wajen Kebbe, ya bar mini amana ya tafi da garkensa. Kafin ya tafi aka saka wa ukun ɗan kunne, kowa da sunansa.

Mahaifiyata ba ta yarda da abin ba tun ranar farko. Ta ga zamanin jangali, kuma a wurinta duk wanda ya zo yana rubuta shanu, haraji yake shiryawa.

"Kai dai ba ka da wayo," ta ce. "Su na zaune birni suna ƙidaya maka dabbobi, kai ko kana washe baki. Cire musu abin ga. In ranar saye ta zo ka mayar."

Na ce, "Inna, sun ce kar a taɓa."

"Su suka haife ka?"

Sai na ɗauko aska. Na yanke 'yan kunnen uku a hankali, ta zuba su a cikin kwalla ta rufe.

Da ranar ciniki ta matso na kira baduku ya ɗinke su a ramukansu da zaren fata. Aiki ya yi kyau. Abin da ban yi tunani ba shi ne wanne ne na wanne. Akwai lambobi a jikinsu, amma a lokacin ban san ɗaya daga tara ba a rubuce. A idona roba ce iri ɗaya, kamar takalman masallaci.

Na kora nawa biyu zuwa kara, kasuwar shanu, a Tambuwal. Aka kara wa na farko sanda, sunana ya fito. Aka kara wa na biyu, ma'aikacin ya dubi waya, ya dubi sa, ya dube ni.

"Malam, wannan san na waye?"

"Nawa ne."

"Nan an ce ja ne mai ƙaho, kuma mai shi mutumin Kebbe ne. Ina jan? Wa ya ɗinke wannan da zare?"

Mutanen kara suka juyo suna kallona. A shekarun nan satar shanu ta dami mutane, kuma kowa ya san ɓarayi sun fara sauya wa dabbobi ɗan kunne don su ɓad da sawu. Wanda aka kira ɓarawon shanu a tsakiyar kara, ko an wanke shi daga baya, ba mai ƙara ba shi ajiyar ko akuya. Na ji wani dillali a bayana yana cewa, "Ashe haka mai haƙurin nan yake?" 'Yan sa-kai biyu suka matso suka tsaya kusa da ni.

Aka kira wayar abokina sau uku, ba ta shiga. Yana daji.

Sarkin kara, dattijo ne da ya san mahaifina, ya ce, "Faɗa min gaskiya, ɗana. Mi ya faru?"

Gaskiyar ta fi ƙaryar ban kunya, amma ita kaɗai gare ni. Na ce ni na yanke 'yan kunnen, na mayar ban san wanne ne wanne ba, don ba na karatu. Jan yana gida ɗaure a turke, in ana so a je a gani.

Muka hau babura biyu, ni da ma'aikacin da ɗan sa-kai ɗaya. Muka tarar da jan yana cin harawa. Aka kara masa sanda, sai ga sunana da hoton farin sa. Ma'aikacin ya fara dariya har ya jingina da bango.

Mahaifiyata ta fito da mayafi a ka. "Lafiya kuka cika min gida?"

Ma'aikacin, wanda na gaya wa komai a hanya, ya ce, "Hajiya, ke kika sa aka cire?"

"Ni ce. To, ni ina nika sanin abin ga suna gare shi? Da kun faɗi, da na ɗaura wa kowane tsumma daban." Ta juyo gare ni. "Kai kuma da ka yanke, ba ka iya sa shaida?"

Muka koma kara, sarkin kara ya ɗaga murya ya gaya wa jama'a abin da aka gani. Dillalin nan ya zo ya ba ni hannu ya ce, "Dama ni na ce ba halinka ba ne." Kamfani bai sayi shanun ba a ranar. Ƙa'idarsu ita ce ɗan kunnen da aka yanke ya mutu, sai an saka sabo an jira wani zuwan. Na kora su gida a ƙasa.

Abokina da ya dawo bayan damina ya ji labari, sai ya je ya duba sansa tsaf. Daga nan ya ƙara bar mini maraƙi biyu.

Ban shiga ajin yaƙi da jahilci nan take ba, sai bayan shekara biyu, kuma ba don wannan kaɗai ba. Yanzu ɗan kunnen ya zama ruwan dare, har a buhunan taki na ga irinsa a wani sito. Ba na jin haushin na'urar, abin da aka gaya mata ta faɗi. Abin da ya zauna mini shi ne tsawon lokacin da mutanen da suka san ni shekara talatin suka tsaya a kara, suna jira mu je mu dawo kafin su san ko ni ɓarawo ne.