Ɗakin Hirar da Na Gina wa Dangi Babu Labule

Shekarun baya, ina sabon gama karatun kwamfuta, ina hura hanci kamar ni na ƙirƙiro ta, na taɓa haɗa wa danginmu sarbar aika saƙo tamu ta kanmu. Ga wanda bai sani ba, sarba kwamfuta ce da ake bari a kunne, ta karɓi saƙo daga wayar wannan ta miƙa wa wayar wancan. Saboda mahaifiyata na yi aikin, kuma saura ƙiris in ɓata shi da kaina, alhali babu abin da ya lalace a jikin injin.

Mu jikokin mahajjata ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a nan N'Djamena don ya ɗan huta, zangon ya zama gida. 'Ya'yansa mata biyu ne. Babbar ta yi aure, ta bi mijinta suka ƙarasa tafiyar da ubanta bai ƙarasa ba, suka zauna a Jidda. Ƙaramar ita ce mahaifiyata, tana nan unguwar Mardjandafak inda aka haife ta. A da kaset suke yi wa juna, alhazai su tafi da ɗaya su dawo da ɗaya. Da waya ta zo sai aka ɗauka an huta, amma kunnen yayar ya yi nauyi, layi kuma yana yankewa, sai a ƙare kiran ana ta "kina ji na?" ba a faɗi komai ba.

Wata rana ɗan yayar mahaifiyata ya kira ni daga Jidda. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗan'uwa, Ummi ta fara mantuwa. Jiya da sunan mahaifina ta kira ni. Amma ƙanwarta ba ta fita daga bakinta. Wallahi in suna da maganar da za su yi, yanzu ne." Ya ce abin da ya fi mata shi ne saƙon murya, ta kara a kunne, ta maimaita yadda take so.

A lokacin manhajojin hira da kowa ya sani ba sa buɗuwa a garinmu sai an bi ta wasu dabaru, wayar mahaifiyata kuma ba ta ɗaukar wannan wahalar, balle ita kanta. Sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ga uwata tana bukata, ga ni ina neman inda zan nuna karatuna.

Abokina, wanda muka yi makaranta tare, ya samo mini tsohuwar kwamfutar da za a jefar a wurin aikinsu, ya kuma taimaka na samu layin intanet mai adireshin da ba ya canjawa. Na sayi batir da faifan sola a gefen babbar kasuwa, Grand Marché, don wutar unguwarmu baƙuwa ce, tana zuwa tana tafiya. Na kafa komai a ɗakin ajiyar gidan baffana, wan mahaifina, kusa da buhunan gero. Na saka manhajar, na gyara fayil ɗin saiti layi bayan layi, na buɗe ƙofofin da saƙo zai bi. Kwana uku ina fama da takardar shaidar tsaro ta ƙi karɓuwa, ashe agogon kwamfutar ne ya tsaya a wata tsohuwar shekara. Ranar da saƙon gwaji ya tashi daga ɗakin geron nan ya faɗa wayar ɗan'uwana a Jidda, na yi rawa ni kaɗai, kajin baffa suna kallona.

Daga nan ne kaina ya kumbura. Maimakon in tsaya ga mata biyun da na fara dominsu, sai na buɗe wa dangi duka, mutum talatin da wani abu. Na yi ɗakin hira guda ɗaya, na sa masa suna Zumunci, na saita shi yadda duk wanda ya buɗe manhajar a ciki zai tsinci kansa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi kowa na saka masa a waya. A zauren baffa na miƙe na yi jawabi, na ce duk abin da mutum ɗaya ya faɗa kowa zai ji a lokaci guda, babu sauran a ce ba a gaya wa wane ba. Na ƙara da cewa ni kuma daga kwamfutata ina ganin komai. Da alfahari na faɗi wannan, ina jiran a sa mini albarka.

Baffa ya fara. Ya yi sallama, ya yi addu'a mai tsawo, aka yi ta jero amin. Bayan amin ɗin nan sai ɗaki ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

Mako biyu babu wanda ya ko yi tari. Ni kuwa na tabbata inji ne. Na kashe na kunna, na sake saka manhajar, na aika wa kaina saƙo na amsa wa kaina. Da abin ya ishe ni na kira abokina, ya tsallako gada daga Walia a kan babur ɗinsa cikin rana tsaka. Ya zauna kan buhu ya duba komai, ya share gumi, ya ce, "Injiniya, injinka afe yake, lafiya lau. Ga rezo, intanet bai yanke ba, ga mutanenka duk suna kan layi. Ba sa magana ne kawai. Wannan kuma ba a koya mana shi a lakkwal ba, duk zamanmu a makarantar nan." A ranar ɗan'uwana na Jidda ya rubuto mini cewa Ummi kullum da safe sai ta tambaya ko ƙanwarta ta aiko.

Na koma gida raina a ɓace. A nan sai na yi muku bayani: ni ne ɗan farin mahaifiyata. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi. Tun ina yaro, in tana son wani abu daga gare ni sai ta gaya wa ƙanwata, ko da ina tsaye a gabanta. Na saba da haka har na daina ganinsa. Ranar na tarar da ƙanwata ta zo daga gidan mijinta, suna zaune a inuwa, mahaifiyata tana yanka kuɓewa. Sai na juya wajen ƙanwata na sauke mata kayan haushina. Na ce na yi wahala, na ƙone a ɗakin gero, ga Inna ko gaisuwa ta ƙi aika wa yayarta, ga lokaci yana tafiya.

Ƙanwata ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Yaya, kai da karatunka? Su wa ka zuba a ɗakin nan? Ga Baffa, wan mijinta. Ga mijina, surukinta. Ga ka kai, kuma ka tashi a zaure ka ce kana ganin komai. A nan kake so Inna ta buɗe baki ta ce wa yayarta ta yi kewarta? Ni kaina ban iya cewa uffan ba. Mijina ma ya ce in Baffa na ciki shi amin kawai ya iya."

Mahaifiyata ba ta ɗago kai daga kuɓewarta ba. Ta ce wa ƙanwata, "Ki tambaye shi, gidan da ya tashi a ciki, zaure da ɗakin kwana ɗaya ne? Ki ce masa ko kaset ɗin nan ma, sai na kore ku waje na saki labule nake yi."

Na tuna mu a tsakar gida muna yara, an hana mu kusantar ƙofa, rikoda tana ciki tana juyawa. Na san wannan tun kafin in san harafi ɗaya na boko, amma da na zauna gaban allo sai na tsara wa dangina gida irin wanda na gani a littafin jagorar manhajar. Gaskiyar Hausawa ne, rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi muni, don ni na sani na manta.

Washegari da safe na koma ɗakin gero na rushe Zumunci. Na yi wa dattawa ɗakinsu, na yi wa mata nasu, mu matasa namu, sannan na bar wani guda don sanarwar haihuwa da rasuwa, inda baffa yake faɗa a ce amin. Sai na yi ƙaramin ɗaki na mutum biyu, mahaifiyata da yayarta, na kunna masa kullen da yake sa saƙo ya zama ba ya buɗuwa sai a wayar mai aikawa da ta mai karɓa. Ba zan yi ƙarya ba, cire kaina ya yi mini zafi. Ina son zama mai riƙe da makullin kowa.

Da na kai wa mahaifiyata wayar, ta ce wa ƙanwata, "Shi fa? Zai ji?" Ban yi dogon bayani ba. Na sa ƙanwata ta aika saƙo ta irin wannan kullen, na juya kwamfutata ta hannu na nuna musu yadda ya iso wurina, tarin haruffa da lambobi marasa kai da gindi. Mahaifiyata ba ta karanta boko, amma ta daɗe tana kallon allon, sannan ta sa ƙanwata ta gwada karantawa da ƙarfi. Da ta ji 'yarta tana in-ina sai ta ce, "To." Ta karɓi wayar, ta ce a gaya mini in fita, ta saki labule.

Fiye da minti arba'in tana ciki. Da ta fito fuskarta ta canja, ta miƙa wa ƙanwata wayar. Saƙon ya ƙi tafiya. Ni ne na sa wa sarbar iyakar girman fayil, ina lissafin saƙon matasa na minti ɗaya, na manta cewa wadda ta saba cika kaset gaba da baya gaisuwarta kaɗai ta wuce haka. Ita ta ɗauka maganar ta zube ke nan, kuma ba irin maganar da ake iya maimaitawa ba ce. Ban taɓa gudu a titin Mardjandafak irin na ranar ba, har masu shaguna suna tambaya ko lafiya. Da na isa ɗakin gero, lamba ɗaya na canja a layi ɗaya. Na dawo ina haki, na tarar muryar tana nan a wayar, na danna a sake aikawa. Muka zuba wa ɗan zanen da yake cika a hankali ido, mu uku, har ya kai ƙarshe.

Amsa ta zo washegari da hantsi. Ɗan'uwana ya ce Ummi sau uku ta saurara kafin ta ce a danna mata ta yi nata. Mahaifiyata ta shiga ɗaki, mu kuma muka koma can bakin randa inda ba a jin kalma. Kalma ba ta iso mu ba, amma dariya ta iso. Shekarata ashirin da biyar a gidan nan, ban taɓa jin wannan dariyar ba. Dariyar yarinya ce da yayarta ta tsokane ta. Sai muka ji tana jan hanci, sai dariyar ta dawo. Ni duk rayuwata uwa na san ta, mai kame fuska da saka doka, ban taɓa kawowa a raina cewa ita ma ƙanwar wata ce ba. Na yi farin ciki, na kuma ji tausayinta ƙwarai, har na kasa haɗa ido da ƙanwata.

Tun daga lokacin, duk aikin da aka ba ni a ofis ko a shago, kafin in taɓa saiti sai na tambaya wa yake jin nauyin wa a wurin. Abokan aikina suna yi mini dariya, wai na mai da aikin kwamfuta sulhun unguwa. Ina barinsu su yi.

Daga baya manhajojin nan suka dawo suna buɗuwa, dangi duk suka koma can, har da ni. Na aika ƙanwata ta ce wa mahaifiyata za a mai da ita inda kowa yake, ya fi sauƙi. Ta aiko cewa nan ta saba, a bar mata ɗakinta. Shi ya sa har yau sarbar tana raye, na canja mata kwamfuta sau biyu, batir kuwa na daina ƙirgawa, duk don tsofaffi biyu.

Mantuwar yayar ta ƙaru. Akwai ranakun da ba ta gane ɗanta da yake ba ta abinci. Abin da suke faɗa wa juna ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da nake iya gani kawai, in na buɗe kwamfuta da safe kafin in fita aiki, shi ne fayil ya tafi daga Mardjandafak, fayil ya dawo daga Jidda. Yau ma na duba. Na Jidda ya iso da misalin ƙarfe tara, kuma mai nauyi ne, ta daɗe tana magana. Yau ta gane ƙanwarta.